Na Zaɓi Babur da Kunne

Babur na farko da na mallaka, da kunne na zaɓe shi. Ban taɓa hawa ba, ban san giya ba, ban san kuloci ba. Abin da na sani kawai shi ne irin kukan da nake so in ji a ƙarƙashina.

Lokacin ina malamin dabbobi a Wurno, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu su tafi. Aikina huji ne, wato allurar rigakafin da ake yi wa shanu saboda ciwon bushiya. Wanda bai ga bushiya da idonsa ba ba zai gane tsoron da Fulani ke yi mata ba. In ta shiga garke, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, kafin mako ya zagayo an fara jan mushe. Saniyar da anka yi wa huji sau ɗaya ta tsira ke nan har tsufanta. Shi ya sa kowace shekara ƙanana muke nema, maruƙan da sunka tasa da 'yan karsana. In mun yi wa ɗaya sai mu tsaga masa kunne don a sani.

Ƙasar da ke hannuna ta taso daga Wurno ta kai Goronyo, ta gangaro Rabah, ta haɗa da Rara da Tursa. Da doki nake zagaya ta, wani tsohon bidi mai sanyin hali wanda duk wata ruga ta san shi. Sai anka kawo sabon magani a ƙananan kwalabe, wanda ba ya son zafi ko kaɗan. Daga Sakkwato ake turo shi cikin filas da ƙanƙara, kuma in ƙanƙarar ta narke ya ɗau ɗumi, to ruwan banza kake tsira wa shanun mutane. Dokina kuwa ko za a yanka shi ba ya sauri. A kan haka anka ce malaman huji su koma hawan babur, kowa ya je ya zaɓi nasa.

Kafin in tafi zaɓen, akwai alkawarin da na ɗauka, kuma shi ne dalilin wannan labari.

Mahaifina kanwa da gishiri yake sayarwa a kasuwar Wurno. Yana da wani aboki Bafillace tun suna samari, wanda mu duka muke ce wa Baffa. Ba ardo ba ne, ba kuma mai tarin dukiya ba. Tsoho ne siriri mai ɗingishi, wanda bushiya ta taɓa share wa garke yana saurayi, ya yi shekara talatin yana haɗa wani da kaɗan-kaɗan. In ya shigo kasuwa a rumfarmu yake ajiye sandarsa, a gidanmu yake cin tuwo. Ina ƙarami shi ya fara aza hannuna a tozon bijimi, yana dariya ina kuka.

Ranar wata kasuwa, damina ta ɗauke ana yankan gero, na ishe shi zaune a rumfar. Munka gaisa, ya jawo ni gefe.

Ya ce, "Ɗana, bara ba mu samu huji ba, muna nesa. Bana ƙanana sun taru, na shekara biyu. Kuma ana hwaɗin ta ɓullo arewa."

Ba ya kiran sunan ciwon, yawancinsu ba su kira. Na ce ya kawo su Rabah, can za mu kafa sansani bayan mako biyu.

"Can kowa da kowa za ya zo," in ji shi. "Ba ni so su sha ruwa ɗaya da baƙin shanu. Ga kuma ƙahwag ga tawa."

Na ce, "To Baffa, kak ka motsa. Ni zan zo har ruga. Talata ta sama, ka tsare min su kusa."

Ya kwatanta min wurin, gabas da Tursa, bakin wani tabki mai giginya biyu. Ban taɓa zuwa wannan mashekari, wato inda sunka kafa ruga bana, ba. Ya yi ta sa min albarka har na ji kunya. Batun babur kuwa ban ce masa komi ba, da gangan. So nake ya gan ni kwatsam a kai, ya riƙe baki. Ina da shekara ashirin da shida, irin tunanin da ke kaina ke nan.

Na hau motar kasuwa na tafi Sakkwato. A bayan kantin sayar da babura akwai wata rumfar kwano inda ake haɗa baburan in an ciro su daga akwati. Mai haɗawar wani tsohon soja ne, ya ce min shekara uku ya yi yana kai saƙo a kan babur a yaƙin Bama. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya dariya, kuma tun daga gaisuwa na ga ba mu dace ba. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Malam, ka taɓa hawa?"

Na ce, "Na iya keke."

"Ban tambaye ka keke ba."

Iri biyu ne a rumfar. Ya fara nuna min ƙaramin, wani kore mai siririn tanki, wanda in ka tsaya kusa da shi bai wuce ƙugunka ba. Ya taka kik sau ɗaya ya tashi. Kukansa siriri ne, kamar keken ɗinki a hannun tela mai sauri, ga ɗan hayaƙi shuɗi yana fita ta baya. Ya ce wannan in ya faɗi da hannu ɗaya za ka ɗaga shi, in ya mutu taki ɗaya ya tashi, in hanya ta ƙi sai ka tura shi kamar keke. Ina jinsa, amma idona na kan ɗayan.

Ɗayan baƙi ne, dogo, mai kauri, salansarsa na ƙyalli. Na ce ya tayar min da shi in ji. Ya yi tsaki, ya hau, ya daidaita wani abu a hannu, ya tashi sama ya sako nauyinsa duka a kan kik. Sai na ji shi: dum, dum, dum, dum, a hankali, har cikin haƙarƙarina.

Na san wannan kuka. Duk ƙasarmu babur ɗaya ne ke yin sa, na wani matashin Bature da ya yi daminar nan yana rangadin jangali, yana bin rugage yana sake ƙidayar shanu. In zai shigo Wurno, tun yana bayan gari ake jinsa. Masu zama a gindin bango su miƙe, dogarai su gyara rawani, mai shago ya leƙo. Ni kuma ina tsaye a barandar ofis da kwalaben magani, ba wanda ya san ina wurin. Ba zan yi wa kaina ado ba, abin da nake so ke nan, a miƙe min tun ban iso ba.

Na ce wannan nake so.

Tsohon soja ya kashe shi, ya sauka, ya ce in hau. Na hau. Yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa, su ma sai na karkata. Ya ce in tayar. Na taka, shiru. Na sake takawa, shiru. A na uku ƙarfen ya dawo da ƙarfi ya daki ƙwaurina, na ga wuta a idona. Ban yi ƙara ba don yana kallona.

Ya ce, "Malam, wanga ba na koyo na ba. Hanyarka duk rairayi ta, na san ta. Wanga in ya yi zahi ya mutu maka cikin daji, sai ka yi kuka da hawaye. Ɗau ƙaramin, ka yi shekara biyu, ka dawo."

Na ce ƙaramin na yaran kanti ne, ni ma'aikaci ne.

"To," in ji shi. "Kai da jikinka."

Duk da haka bai yi min rowar sani ba. Kwana biyu ya yi yana koya min a wani fili bayan kantin, yana bina da gudu yana zagi da harshen bariki. Ya nuna min yadda ake sakin kuloci a hankali, da inda ake tsayar da kik kafin a taka, da yadda ake goge fulogi. Ranar da zan tafi ya ba ni wani tsohon kwat na soja mai nauyi da tabarau mai roba, irin wanda ke rufe rabin fuska. Ya ce in naɗe baki da hanci da ƙyalle saboda ƙwari. Na dubi kaina a gilashin tagar kantin, wallahi ni kaina ban gane kaina ba, kuma abin ya yi min daɗi.

Na iso Wurno da la'asar. An miƙe min kuwa. Yara sunka biyo ni, mata na leƙe ta kan danga. Daidai ƙofar masallaci na hangi liman zaune da dattawa. Ba a wuce su a kan abin hawa, ko doki ne sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Na tsaya, na kashe babur, na sauka na yi gaisuwa yadda ta kamata, sunka yi min addu'a. Sannan na koma in tashe shi. Ya ƙi. Na taka ya fi sau ashirin, gumi ya jiƙa kwat, hulata ta faɗi. Dattawa sunka sunkuyar da kai don kada in ga suna dariya, yara kuwa ba su da wannan kunyar. Wani wanzami maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce, "Malam, ko a kawo mai dussa?" Sai da samari huɗu sunka tura ni har gida.

Ranar na yanke wa kaina doka: in na tashe shi da safe, ba na kashe shi sai na iso inda zan kwana. Kowa ne a hanya, ɗaga hannu ya ishe shi. Na yi kwana uku a haka ina zagaya gari. Mahaifina ya ji labarin na wuce wani ƙanen kakata ban sauka ba, ya kira ni ya yi faɗa. Na ce injin ne ba ya son a riƙa kashe shi.

Talata ta zo. Na ɗaure filas a baya, na sa kwat da tabarau da manyan takalma, na naɗe fuska, na kama hanya da sassafe. Har Rabah lafiya lau. Daga Rabah zuwa Tursa ne na gane abin da tsohon soja ke nufi da rairayi. Ƙafar gaba ta riƙa lilo kamar ba ni ke riƙe da ita ba. Sau biyu na faɗi. A na farko wasu masu jakai sunka taimake ni, a na biyu wani manomi ya bar yankan dawarsa ya zo. Kowane faɗuwa sai na sha wahalar kik. Da na buɗe filas na leƙa, ƙanƙara ta koma rabi. Raina ya ɓaci, da babur, da hanya, da rana, da Baffan da ya je ya zauna a ƙarshen duniya.

Rana ta kusa tsaka na hangi giginya biyu. Ga tabki, ga bukkoki biyar ko shida. Na shiga har tsakiyar ruga a kan babur, abin da ko a kan doki ban taɓa yi ba. Ba kowa. Wuta na ci a murhu, kashin shanu ɗanye ne har yana tururi, amma dangwali, igiyar nan doguwa da ake ɗaure maruƙa a jere, babu ko ɗaya a jikinta. Wasu tsofaffin shanu ne kawai tsaye nesa, sun ɗaga kai suna kallona.

Ban sauka ba, ban kashe ba. Ina tsaye a kan yatsu, ina murza totur don kada ya mutu. Can na hangi wata matashiyar mace rabin jikinta a bayan bukka. Ban san ta ba. Daga baya na ji matar ƙaramin ɗan Baffa ce, an kawo ta daga arewa bara, Hausarta ma ba ta nuna ba. Ban yi sallama ba, in ma na yi ba ta ji ba. Ban ce ni wane ne ba, ban ce ɗan wane ne ba, ban kuma cire tabarau ba. Na ɗaga murya sama da ta injin.

"Ina mai gida?"

Ta yi nuni da hannu wajen gabas.

"Ina ƙananan? Guda nawa na?"

Don in san kwalba nawa zan fasa nake tambaya. Ta ja mayafi ta rufe baki. Na sake tambaya, shiru. Haushi ya kama ni. Na ce ta faɗa wa mai gida zan dawo jibi, in ishe su duka a ɗaure, kada a rage ko ɗaya. Na juya da ƙyar, na tafi.

Ga abin da ya faru, wanda ban gane ba a ranar. Fulanin ƙasar nan sun yi damina guda suna sauraron wannan kuka. In sun ji shi daga nesa, samari kan kwance ƙananan shanu su kora su daji kafin mai ƙidaya ya iso, a bar masa tsofaffi ya gani. A sararin daji ana jin babur irin wannan tun yana da nisan da za a kwance dangwali a ɓace. Na san wannan dabara sarai, har dariyarta na sha yi da su a kasuwa. Amma ko sau ɗaya bai faɗo min a rai cewa abin ya shafe ni ba. A wurina ni ɗan mai kanwa ne, kowa ya san ni.

Alhamis na koma da sabon magani. Na ishe kango. Sun kwashe tabarmin bukkoki, sandunan kawai sunka bari a tsaye. Na zagaya tabkin sau ɗaya a kan babur ina ta masifa ni kaɗai, na dawo gida na ce wa mahaifina abokinsa ya wulaƙanta ni, sau biyu ina zuwa da maganin hukuma yana lalacewa. Ya ce, "Wanga ba halinai na ba." Na ce ai Bafillace da alkawari sai a hankali. Ya dube ni kawai.

Na tafi Rabah munka yi sansani, daga can na wuce Goronyo. Mako uku na yi. Hannuna ya fara faɗawa, faɗuwa ta ragu, kuma duk ƙauyen da na shiga sai na ishe mutane a tsaye. Na lura shanu ba su zuwa kamar bara sai dagatai sun aika sau biyu sau uku, na ce taurin kai ne ya ƙaru bana.

A kasuwar Goronyo wani mai sayen ƙiraga, wato ɗanyun fatun shanu, ya tare ni. Ya ce, "Malam, kuna nan kuna huji, can bakin dajin Gundumi an gama." Ya ce fatun ƙanana ake ta kawo masa daga wajen, har ya daina karɓa. Na ce na wa? Ya ce rugage uku ne, biyu baƙi, ɗaya ta wani tsoho mai ɗingishi da ke zuwa Wurno.

Washegari na kama hanya. Na bi ta Tursa ina tambaya, anka nuna min wata 'yar turba da ta nufi dajin. Na yi nisa, sai ga wata busasshiyar ƙorama mai zurfi, cikinta rairayi ne zalla. Na gangara da gudu don in haye, ƙafar gaba ta nutse, na wuntsila ta kan ƙahon babur. Babur ya kwanta a gangare, kansa ƙasa, ya mutu. Wuyan hannuna na hagu ya gurɗe. Na gwada ɗaga shi da hannu ɗaya, ko motsi bai yi ba. Ba mai jaki, ba manomi. Zafi ya dame ni, na tuɓe kwat da tabarau da ƙyallen fuska na jibga a kansa, na kwance filas na rataya. Daga ni sai 'yar shara da hula na ci gaba a ƙasa, ina bin sawun shanu.

Tafiyar ba ta kai ta awa guda ba. Ungulaye na fara gani, sannan bukkoki. Baffa na zaune a inuwar wata aduwa, ƙafarsa a miƙe. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi, na yi sauri na durƙusa. Munka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi mahaifina, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya. Ina amsawa ina kallon bayansa. An kafe fatu a ƙasa da turaku suna shan rana, ƙanana ƙanana. Dangwalin na nan a shimfiɗe da madaukansa masu yawa, maruƙa uku ne a jiki, sun rame, bakinsu duk ɓawo.

Shi ya fara ba ni haƙuri.

Ya ce, "Ɗana, kunyarka nike ji. Kac ce kak in motsa, ni kau nim motsa."

Ya ce ranar Talatar sun tsare ƙananan kusa tun safe suna jirana. Sai sunka ji babur ɗin Bature. Yara sunka kwance sunka kora, shi ma ya bi su. Da sunka dawo surukarsa ta ce ba Baturen ba ne da kansa, wani malaminsa ne ya aiko, fuska a rufe, ko sallama babu, yana tambayar ƙanana nawa ne, ya ce kuma zai dawo jibi. Sun jira dokina har rana ta faɗi. Da ban zo ba, sunka kwashe da asuba sunka shigo Gundumi. Tabki ɗaya ne a wajen, sunka ishe baƙin shanu daga arewa suna sha. Kwana tara bayan nan karsana ta farko ta ƙi kiwo.

"Nic ce ma yara, aiki na ya riƙe shi. Da ya samu hanya da ya zo."

Ya tsaya yana kallona, ba da tuhuma ba, jira kawai yake in ce haka ne. Na ce, "Aiki na, Baffa." Ban taɓa yin ƙaryar da ta fita da sauƙi kamar wannan ba, kuma har yau ina jin ƙyamarta.

Ya dubi filas, ya ce ko za a yi wa ukun da sunka rage. Na ce sun yi ciwon sun tashi, ba su bukata. Ya ce to, alhamdu lillahi.

Can gefe surukar tasa na tatsa. Saniyar ƙasarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta kusa, ta lashe shi. Na ga ɗan maraƙi tsaye a gaban saniyar, ƙafafunsa a sandare, bai motsi. Sai da na ƙura ido na gane fata ce anka cusa wa ciyawa, anka ɗinke, anka kafa a kan itace huɗu. An shafa mata ɗan gishiri a baya. Saniyar na ta lasa, tana wani ƙaramin gurnani, madara na zuba a ƙwarya. Na sha jin ana yin haka, ranar na fara gani. Irinsu huɗu na ƙirga a jingine da bukka, na sauran shanun.

Baffa ya yi mata magana da Fillanci, ta kawo min madarar a ƙaramar ƙwarya, ta durƙusa. Na ce, "Sannu, na gode." Tana jin muryata ta ɗago kai. Ta dubi fuskata, ta dubi takalmina, manyan takalman da ban cire ba a ranar nan, ta sake duban fuskata. Ba za ta yi magana gaban surukinta ba. Ta koma wajen saniyar. Madarar da ɗumi, na shanye ta duka don ba a ragewa.

Da na yi sallama ya jawo sandarsa. Na ce ya zauna, ƙafarsa. Ya ce ɗan abokinsa ba zai zo har cikin Gundumi ya koma ba rakiya ba.

"Ina kab baro dokin?"

Na ce can baya, hanya ce ba kyau.

"To mu je in gan shi. Ya tsuhwa shi ma."

Munka kama hanya, yana gaba yana ɗingishi, sanda a kafaɗa. Yana ba ni labarin wata karsana ja da ya so ya ba ƙaramin ɗansa. A wajen wata tsamiya na ce, "Baffa, nan ya isa." Ya ce a'a. Munka ƙara gaba, na ce rana ta yi zafi, ya koma. Ya ce ya saba. A karo na uku har na riƙe masa hannu, ya yi dariya ya ce ko na ɓoye amarya ce a hanya. Daga nan na bari. Ina jin ƙarar takalmina a kan tsakuwa har munka iso bakin ƙoramar.

Yana kwance yadda na bar shi, baƙi, salansa na ƙyalli a rana, ga kwat da tabarau a kai. Fetur ya ɗiga ya yi duhu a rairayi. Baffa ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya sauke sandar daga kafaɗa ya dogara da ita.

"Naka na?"

"Nawa na, Baffa."

Ya gangara a hankali, yana jan ƙafar, ya ajiye sanda, ya kwashe kwat ɗin ya aza gefe. Ya ga yadda nake riƙe da hannuna, ya ce, "Kama baya da mai lahiyar." Ya kama ƙaho, munka ɗaga tare, munka tura shi har ya haye tudu. Baƙin mai ya ɓata masa tafin hannu, ya durƙusa ya goge da rairayi. Ya koma ya ɗauko sandarsa.

Ya ce, "Ka gaida babanka."

Ya hau ɗaya gefen ƙoramar bai waiwayo ba. Ni kuma ban iya taka kik a inda zai ji ba, na tura shi da hannu ɗaya da ƙirji har na hangi rumbunan Tursa.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawan babur ɗin, na kuma iya shi sosai daga baya, har wasu na kawo nasu in duba musu. Baffa kuwa da rani ya yi sunka ƙetare gulbi da abin da ya rage, ba su ƙara yin mashekari a ƙasarmu ba. Bai aiko ba, bai kuma faɗa wa kowa abin da ya gani ba, don da ya faɗa da na ji. Mahaifina ya yi shekara shida a raye bayan nan. Duk Bafillacen da ya tsaya a rumfarsa daga gabas ko daga arewa, sai ya kwatanta masa wani tsoho siriri mai ɗingishi, ya tambaya ko ya gan shi. Sau da yawa ina zaune a kan buhu kusa da shi lokacin da yake tambayar.